Wanda Ya Gama Zaman Kurkuku: Ina Matsayin Ƙuri'arsa?

Gabatarwa

A duk lokacin da aka buɗe rajistar masu jefa ƙuri'a, akwai wata tambaya wadda ma'aikatan wayar da kan jama'a suke shan ji a kasuwanni da ƙofofin fada, tun daga Kafanchan har Zonkwa da Kwoi da Kachiya. Ba kasafai akan yi ta a bainar jama'a ba. Sai taro ya watse sa'an nan mutum zai matso, ya sassauta murya, ya ce, "Malam, ƙanena ya taɓa zaman gidan yari. Shin yana da ikon yankan katin zaɓe?" Sau da yawa kuwa babu wani ƙane, mai tambayar kansa yake nufi.

Amsa ita ce yana da iko, kuma ba sai ya roƙi kowa ba. An shirya wannan darasi domin a bayyana abin da doka ta ce a kan abubuwa uku waɗanda jama'a suke cuɗawa wuri guda, watau zama ɗan ƙasa, da jefa ƙuri'a, da tsayawa takara. Hukuncin kowannensu daban yake. Ana fatan malaman makarantun yaƙi da jahilci, da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata za su karanta shi tare da jama'arsu, zama rashin sani ya fi dare duhu.

1. Ɗauri ba ya tuɓe mutum daga zama ɗan ƙasa

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 25, ya bayyana wanda yake ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa. A taƙaice, duk wanda aka haifa a ƙasar nan, kuma uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Nijeriya ne, to shi ma ɗan Nijeriya ne. Wannan matsayi ba alƙali ne ya ba shi ba, saboda haka alƙali ba zai karɓe shi ba. Shugaban Ƙasa kansa ba shi da ikon tuɓe ɗan ƙasa na haihuwa, komai girman laifinsa. Mutumin Kagoro ko na Godogodo wanda ya shekara ashirin a kurkuku, ranar da ya fito ɗan Nijeriya ne daidai da gandiroban da ya buɗe masa ƙofa.

Togaciya ɗaya ce a nan, ita ma ba ta shafi 'yan asalin ƙasa ba. Sashe na 30 ya ba Shugaban Ƙasa ikon janye takardar baƙon da ya zauna a ƙasar nan har ya nemi zama ɗan ƙasa aka ba shi, idan an ɗaure shi shekara 3 ko fiye a cikin shekara 7 na farko bayan samun takardar.

2. 'Yancin jefa ƙuri'a

Sashe na 77 na Tsarin Mulki ya ce duk ɗan Nijeriya wanda ya cika shekara 18, kuma yana zaune a ƙasar a lokacin rajista, yana da haƙƙin a sa sunansa cikin littafin masu zaɓe. Sashe na 117 ya maimaita haka game da zaɓen Majalisar Dokokin Jiha. Wanda sunansa yake cikin littafin kuwa shi ne zai zaɓi Gwamna da Shugaban Ƙasa.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta jera sharuɗɗan rajista a sashe na 12: mutum ya kasance ɗan ƙasa, ya cika shekara 18, yana zaune ko yana aiki a ƙaramar hukumar da zai yi rajista, ko kuwa asalinsa daga can yake, ya je da kansa gaban ma'aikacin rajista, kuma babu wata doka da ta hana shi jefa ƙuri'a. Mai karatu zai lura ba a ambaci tsohon laifi ba. Babu dokar ƙasa wadda ta ce zaman kurkuku yana soke ƙuri'ar mutum bayan ya fito.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya gama wa'adinsa ba ya bukatar takarda daga kotu, ko daga ofishin 'yan sanda, ko daga gidan yari, kafin a yi masa rajista. Ba ya bukatar ya jira wasu shekaru su wuce. Ba ya bukatar ahuwar Gwamna. Ma'aikacin Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, ba aikinsa ba ne ya binciki ko mutum ya taɓa shiga hannun hukuma. Ba za a ce a mayar masa da ƙuri'arsa ba, don tun farko ba a karɓe ta ba.

3. Waɗanda suke tsare har yanzu

To, ina labarin wanda bai fito ba tukuna? An kai wannan magana gaban shari'a. Waɗansu fursunoni biyar a Jihar Edo sun yi ƙarar Hukumar Zaɓe da shugaban gidajen yari, a madadin dukan waɗanda suke tsare a ƙasar nan. A watan Disamba 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke birnin Benin ta yanke hukunci cewa fursunoni suna da 'yancin jefa ƙuri'a. A watan Disamba 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke wannan birni ta tabbatar da wannan 'yanci.

Amma samun hukunci daban, aiwatar da shi daban. A manyan zaɓukan 2015 da 2019 da 2023 ba a kai akwatin zaɓe gidajen yari ba. Akwai abubuwan da sai an tsara su tukuna: yadda za a yi rajista a ciki, da yadda wakilan jam'iyyu da masu sa ido za su shiga, da yadda za a tabbatar ba a tilasta wa ɗan sarƙa ya zaɓi wanda ba ya so ba. A watan Agusta 2025 shugaban Hukumar Zaɓe na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya gana da shugaban Hukumar Gidajen Gyaran Hali a Abuja a kan wannan batu.

Maganar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2025 waɗanda suke tsare a ƙasar nan sun haura 80,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulki kuwa ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Saboda haka wanda aka tsare a gidan yarin Kafanchan wata shida ko shekara biyu, daga baya aka sallame shi ba tare da an same shi da laifi ba, kada ya yarda a kira shi tsohon mai laifi. A idon doka bai taɓa yin laifi ba.

4. Tsayawa takara: a nan ne aka sa iyaka

Inda doka ta gindaya shinge shi ne wajen neman muƙami. Dalili kuwa a fili yake: mai jefa ƙuri'a ra'ayinsa kaɗai yake bayarwa, amma wanda aka zaɓa dukiyar jama'a ake danƙa masa. Sassa huɗu ne suka yi magana a kan haka, kuma kusan lafazinsu ɗaya: sashe na 66 domin Majalisar Tarayya, na 107 domin Majalisar Jiha, na 137 domin Shugaban Ƙasa, na 182 domin Gwamna. Abubuwan da ya kamata a riƙe su ne:

(a) Wanda yake ƙarƙashin hukuncin kisa, ko yake cikin wa'adin ɗauri, ba zai tsaya takara ba muddin hukuncin yana kansa.

(b) Wanda kotu ta hukunta saboda laifin da ya ƙunshi rashin gaskiya, kamar zamba ko cin amana ko buga takardun jabu, ba zai tsaya ba sai shekara 10 sun cika tsakanin ranar hukuncin da ranar zaɓe.

(c) Haka kuma wanda aka samu da laifin karya Dokar Ɗa'ar Ma'aikata, shi ma shekara 10 ne.

Alal misali, a ce wani magatakarda na ƙungiyar manoman citta a Kwoi ya ci kuɗin ƙungiya, kotu ta ɗaure shi shekara 3 a cikin 2014, ya fito a 2017. A zaɓen 2019 da na 2023 yana da ikon jefa ƙuri'a kamar kowa, amma ba shi da ikon neman kujerar Majalisar Jiha, domin shekara 10 ba su cika ba. Daga 2024 shingen ya faɗi da kansa, ba sai ya nemi izinin kowa ba. A lura, daga ranar hukunci ake lissafi, ba daga ranar fitowa ba.

A ce kuma wani saurayi ne a Gwantu faɗa ya haɗa shi da wani, ya ji masa rauni, aka ɗaure shi shekara 2. Laifinsa laifi ne, amma ba na rashin gaskiya ba ne. Da zarar ya gama wa'adinsa, sharaɗin shekara 10 bai hau kansa ba.

Ban da wannan, sashe na 40 ya ba kowane mutum 'yancin shiga jam'iyyar siyasa da ƙungiyar sana'a. Tsohon fursuna yana iya yankan katin jam'iyya, ya halarci taronta, ya yi wa wanda yake so yaƙin neman zaɓe.

5. Ahuwa da ire-irenta

Wanda ba ya son jiran shekara 10, ko yake son a wanke sunansa baki ɗaya, hanyarsa ita ce neman ahuwa. Sashe na 175 ya ba Shugaban Ƙasa wannan iko a kan laifuffukan da suka saɓa wa dokokin Tarayya, bayan ya shawarci Majalisar Magabata ta Ƙasa. Sashe na 212 ya ba Gwamna irin wannan iko a kan laifuffukan da suka saɓa wa dokokin Jiha, bayan ya shawarci kwamitin ahuwa na Jiha. Galibin laifuffukan yau da kullum, kamar sata da rauni da zamba, ƙarƙashin dokar Jiha suke. Saboda haka mutumin Jama'a ko Kaura wanda aka hukunta da dokar Jihar Kaduna, takardarsa Kaduna za ta nufa, ba Abuja ba.

Jama'a sukan kira kowane irin sassauci da sunan ahuwa, alhali kuwa iri huɗu ne. Akwai jinkirta zartar da hukunci. Akwai musanya hukunci mai tsanani da mai sauƙi, kamar a mayar da kisa ya zama ɗauri. Akwai yafe ragowar wa'adi ko tara. Sa'an nan akwai cikakkiyar ahuwa. Ukun farko suna rage wahala, amma laifin yana nan a rubuce. Ta huɗun ce kaɗai take shafe laifin da duk abin da ya biyo bayansa. Wanda aka saki albarkacin bikin samun 'yancin kai ko na sabuwar shekara, lalle ne ya karanta takardarsa da kyau ya san wane iri aka yi masa.

Tarihin ƙasar nan ya nuna ƙarfin cikakkiyar ahuwa. A 1963 aka ɗaure Cif Obafemi Awolowo shekara 10 bisa laifin cin amanar ƙasa. A watan Agusta 1966 gwamnatin Yakubu Gowon ta yi masa ahuwa, a 1967 ya zama Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, daga baya ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 da 1983. Haka kuma a 1995 kotun soja ta ɗaure Janar Olusegun Obasanjo bisa zargin shirya juyin mulki. A watan Yuni 1998 Janar Abdulsalami Abubakar ya sake shi, aka kuma yi masa ahuwa, ya ci zaɓe a watan Fabrairu 1999. Abokin karawarsa, Cif Olu Falae, ya kai ƙara, cikin hujjojinsa har da maganar ɗaurin. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce cikakkiyar ahuwa takan mayar da mutum kamar bai taɓa yin laifin ba. Daɗin daɗawa, sashe na 36 ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka yi masa ahuwa.

Ahuwa ba haƙƙi ba ce da mutum zai tilasta a ba shi, kuma ba a sayenta da kuɗi. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya samo wa ɗanka ahuwa, ɗan damfara ne.

6. Abin da ya shafi wannan yanki

Mutanen kudancin Jihar Kaduna ba baƙin wannan magana ba ne. A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Gwamnatin soja ta kafa Doka ta 2 ta 1987, ta naɗa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, aka ɗaure mutane da dama. A watan Fabrairu da na Mayu 1992 wani rikicin ya auku a Zangon Kataf, aka yi asarar rayuka masu yawa da dukiya. Kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot, tsohon Gwamnan soja na Jihar Ribas, hukuncin kisa tare da waɗansu mutane a watan Fabrairu 1993. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 5. A zamanin Janar Sani Abacha aka sake shi, aka kuma yi masa ahuwa. A 1995 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta ce tsarin waccan kotu ya saɓa wa ƙa'idar shari'ar adalci, zama ba ta ba da damar ɗaukaka ƙara ba.

Ba a kawo wannan tarihi domin a fama tsohon miki ba. Akwai iyalai a kowane ɓangare waɗanda har yau suke juyayin 'yan'uwansu. An kawo shi ne domin darasi biyu. Na farko, a cikin wannan labari guda an ga matakan nan daki-daki: musanya hukunci, sa'an nan saki, sa'an nan ahuwa, kowanne da matsayinsa. Na biyu, a cikin waɗanda aka ɗaure a waɗancan shekaru, Musulmi da Kirista, akwai talakawa waɗanda ba a buga sunayensu a jarida ba, ba a kuma yi musu ahuwa ba. Sun gama wa'adinsu, sun koma gida, yau sun zama dattawa. Su ma ƙuri'arsu tana nan. Ƙasar da take son zaman lafiya gara ta ga mai ƙorafi a layin zaɓe da kati a hannu, da ta gan shi a bakin hanya da makami.

7. Yadda abin yake a waɗansu ƙasashe

Ba ko'ina ne doka take da wannan sauƙi ba. A Amurka kowace jiha da dokarta. Jihohin Maine da Vermont suna barin fursuna ya yi zaɓe yana cikin kurkuku, waɗansu kuwa sukan hana mutum ko bayan ya fito, sai ya nemi a mayar masa da 'yancinsa. A Jihar Florida sai a watan Nuwamba 2018 jama'a suka jefa ƙuri'ar gyara tsarin mulkin jihar domin a mayar wa tsofaffin fursunoni fiye da miliyan ɗaya 'yancin zaɓe, daga bisani kuma aka ce sai sun biya tara da kuɗin kotu da ake binsu tukuna. A nan Afirka, kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta tabbatar wa fursunoni 'yancin zaɓe a 1999, fursunonin Kenya kuma sun jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na 2017. Abin da ɗan Florida yake wahalar nema, ɗan Nijeriya yana da shi a hannu. Abin takaici ne ya bar shi saboda jin kunya ko jita-jita.

8. Abin da za ka yi idan ka fito

(1) Idan ba ka taɓa yin rajista ba, ka je ofishin Hukumar Zaɓe na ƙaramar hukumarka a lokacin da aka buɗe rajista. Kowace daga cikin ƙananan hukumomi 8 na wannan yanki, watau Jama'a da Jaba da Kachiya da Kagarko da Kaura da Kauru da Sanga da Zangon Kataf, tana da ofishinta. Rajista kyauta ce.

(2) Idan ka yi rajista kafin a ɗaure ka, kada ka sake yin wata. Yin rajista sau biyu laifi ne, kuma na'ura tana ganewa. Idan katinka ya ɓace ko ya lalace, ka nemi a sake maka. Idan ka sauya gari, ka nemi a mayar da sunanka rumfar zaɓe ta kusa da kai.

(3) Kada ka bari sai zaɓe ya matso, domin akan rufe rajista watanni kafin ranar zaɓe.

(4) Idan aka kafe sunayen masu zaɓe domin jama'a su duba, ka je ka tabbatar naka yana ciki.

(5) Ka adana takardar sallama da kwafin hukuncin kotu. Su ne shaidarka idan wata rana ka so tsayawa takara ko neman ahuwa.

(6) Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, a sashe na 14, ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ɗa'a a lokacin zamansa, ta kuma hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Ka tambayi jami'in jin daɗin fursunoni a kanta tun kafin ranar fitarka.

(7) Idan wani ma'aikaci ya hana ka rajista saboda ka taɓa zaman kurkuku, kada ka yi hayaniya. Ka kai kuka wurin shugaban ofishin zaɓe na ƙaramar hukuma. Idan ba a share maka hawaye ba, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Taimakon Shari'a, dukansu suna da ofis a Kaduna.

9. Nauyin da ke kan jama'a

Doka ta yi nata, saura namu. Abin da yake hana tsohon fursuna zuwa rumfar zaɓe ba ɗan sanda ba ne, idon maƙwabta ne da zunɗe. Mutum ya biya bashin da kotu ta ɗora masa, amma unguwa ta ci gaba da binsa bashi har ya mutu: ba a ba shi aiki, ba a ba shi aure, ba a sa shi cikin shawara. Wanda aka rufe wa kowace ƙofa kuwa, ƙofar da ya sani ita zai koma. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka ana roƙon sarakuna da hakimai da dagatai, da limamai da fastoci, su faɗa wa jama'a gaskiyar wannan al'amari a fada da masallaci da coci. Ana roƙon iyaye da mata su ƙarfafa wa nasu gwiwa, in ta kama su raka shi wurin rajista. Ba ana nufin a manta da wanda aka zalunta ba, ko a ce laifi ba laifi ba ne. Ana nufin hukunci yana da iyaka, kuma kotu ce take yanka ta, ba unguwa ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ne yake da ikon tuɓe ɗan Nijeriya na haihuwa daga zama ɗan ƙasa?
2. Wace takarda ce tsohon fursuna yake bukata daga kotu kafin a yi masa rajistar zaɓe?
3. An hukunta wani saboda zamba a 2020, ya fito a 2022. Daga wace shekara zai iya tsayawa takarar Majalisar Jiha?
4. Mene ne bambancin yafe ragowar wa'adi da cikakkiyar ahuwa?
5. A garinku, waɗanne abubuwa ne suke hana wanda ya fito daga kurkuku shiga cikin jama'a, kuma wace gudummawa ƙungiyarku za ta iya bayarwa kafin rajista mai zuwa?